Gonar da Ta Dafa Wake

A bazarar bana, ana gab da ruwan farko, ina bayan ɗan acaɓa a kan hanyar Tsiga sai na hango wani mutum yana sauke toka daga a-kori-kura. Zubarwa yake yi a kan wani fili fari fat a gefen gonarsa, wurin da ko ciyawa ba ta fito ba. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta tsaya cak, zufa na bin bayana. Na taɓa kafaɗar direban na ce ya tsaya.

"Sannu da aiki. Tokar ina ce wannan?"

"Ta gidan burodi ce, Baba, daga Funtua. Kyauta suka ba ni."

"To, ka mayar musu da kyautarsu."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa tsohon da rana ta buga. Ban ga laifinsa ba. Ni ma akwai shekarar da na ɗaga hannu na gode wa Allah saboda toka.

'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai. Ina saurayi sabon aure, mahaifina Audu bai daɗe da rasuwa ba. A gandu muke, gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma ƙanen mahaifina, Baffa Ɗanjuma, shi ne babba. Shi ke hawa rumbu, shi ke auna wa kowace mace hatsin da za ta daka. Baffa ba mugu ba ne, amma hannunsa a dunƙule yake, kuma 'ya'yansa duk mata ne a lokacin. Audugarsa tana bukatar ƙarfina, ya san haka, ni ma na sani. Ranar da na ga matata Tabawa ta dawo daga bakin rumbu tana karkaɗa ƙwarya don hatsin ya yi kamar yana da yawa, na je na ce masa ina son rabon ubana in kafa tukunyata.

Bai yi faɗa ba. Ya kira mai unguwa, muka fita bayan gari, muka wuce jigawar gandu, muka wuce gonar auduga, har muka iso inda ƙasa ta sauya launi. Ya tsaya ya nuna da sanda.

"Ga rabon ubanka, Mamman. Daga aduwar can zuwa bakin kwazazzabo. Ai ya ma fi jigawar faɗi."

Faƙo ne. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmi.

"Na ba ka damina biyu," in ji Baffa. "In ka ci tuwon wannan gona, na yarda ka isa maigida. In ba ka ci ba, ka dawo da garmarka gandu, kada in ƙara jin maganar rabo har in mutu."

Na ce na karɓa. Ban ko tsuguna na taɓa ƙasar ba kafin in amsa.

Daga baya na yi yawo. Na bi hanyar gabas a ƙasa har Makka, na zauna a Marwa, na yi ƙodago a gonakin auduga na Sudan, na ga Masar. Ko'ina na je na tarar da 'yar'uwar wannan ƙasa, kowa da sunan da yake zaginta da shi. Fulanin Marwa suna ce mata harde. A Cadi na ji ana cewa naga. Larabawan Kurdufan kuma gardud suke kiran tasu. Amma halin ɗaya ne, kamar 'yan gida ɗaya da aka aurar a garuruwa daban-daban. Laka ce da kanwa ta shige ta. Da rani takan daskare kamar daɓen ɗaki, ka sara fartanya ta yi ƙara ta dawo maka, zafin ya bi hannunka har kafaɗa. Samanta kuma wani farin gari yakan fito, kamar an barbaɗa. In ruwa ya sauka sai ta zama santsi kamar sabulu, ta kama ƙafa, ruwan ya kwanta a kai ya ƙi shiga. Ka tona da yatsa, ƙasa kaɗan sai ka tarar da ita a bushe ƙamas. Babu abin da ke son zama a kanta sai aduwa da ƙaya da kaba.

Maƙwabcin wannan faƙo wani Bamaguje ne, Ranau, abokin mahaifina tun suna yara. Dogo ne, murya kamar ganga, shi ne sarkin noman yankinmu. Da ya ji abin da aka yi ya zo har gida, ya tsaya a ƙofa yana dariya.

"Ɗan Audu! An ce an ba ka masallacin Idi ka noma."

"An ba ni, Baba Ranau."

"Ai kun ji daɗi, ku masu salla. Ga fili a share, ba sai kun shimfiɗa buzu ba." Sai ya daina dariya. "Ubanka ya taɓa ɗauko ni a kafaɗa daga daji ranar da maciji ya sare ni. Zan kira maka gayya."

Ya kira kuwa. Abin da kowa ya sani a ƙasarmu shi ne, gonar da ta gaji taki ake ba ta, kuma takin talaka juji ne da toka. Haka kakanninmu suka yi a jigawa, haka jigawar ta amsa. Don haka matan unguwa, Musulmi da Maguzawa, suka shiga kwashe murhunansu. Gidan da ake dafa giya ya ba da tokarsa, mai tuyar ƙosai ta ba da tata. Jakuna suka yi ta jigila da mangaloli. Samari suka saro ƙaya, suka tattaro karan da ya rage a gonaki, aka tara a tsakiyar faƙon aka cinna wuta. Na tuna zafin ranar, wuta a gaba, rana a sama, makaɗi yana kiran sunayen manoma ɗaya bayan ɗaya, maza suna sara ƙasa garma tana tsalle. Kafin la'asar farin fili ya koma toka-toka daga aduwa har kwazazzabo. Tabawa ta dama kunun tsamiya da ɗan hatsin da muka fito da shi daga gandu. Na tsaya ina kallo, na ce a raina Baffa ya faɗi.

Ruwan shuka ya sauka cikin dare, da asuba muka fita, ni da sungumi Tabawa da ƙwaryar iri. Ko'ina a unguwar ƙamshin sabuwar ƙasa ake ji, amma gonarmu wani wari take yi kamar bayan marina. Muka shuka a haka, muna zamewa. Rana ta fito, saman ƙasar ya bushe ya yi ɓawo. Gonakin mutane suka yi tsiro, layi-layi, kore shar. Tamu shiru. Na ɓanɓare ɓawon na duba, sai ga tsiron a ƙarƙashi ya naɗe kansa, ya yi fari, ya rasa hanyar fita. Wasu ƙwayoyin kuwa sun narke, ka matsa su fashe.

Muka sake shuka. Wanda ya fito ya yi rawaya, bakin ganyen ya ƙone kamar an kai masa wuta. Ruwa ya kwanta a kwarin kunyoyi, baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a kan wuta.

Wata safiya Tabawa ta biyo ni gona. Ta tsuguna a bakin wani kwari, ta sa hannu a ruwan, ta murza yatsunta. Ta kai harshe. Ta cika 'yar tulunta ta koma gida. Da na dawo da azahar ta ajiye mini kwano, dafaffen wake ne, ɗan abin da ya rage mana.

"Malam, ci ka ji."

Na ci. Ya yi laushi lugub.

"Yaushe kika ɗora shi?"

"Bayan na baro ka. Tsohon wake ne, wanda kan ci mini itace yini guda. Ban sa masa kanwa ba, ba ni da ita. Ruwan gonarka na zuba."

Na ajiye hannu.

"Gonarka ta dafa mini wake," in ji ta. "To abin da ya narkar da wake a tukunya, me zai yi wa iri a ƙasa? Mu mata in ba mu da kanwa, toka muke tacewa mu sa a miya. Aikinsu ɗaya. Ƙasar nan kanwa ce ciwonta, mu kuma duk unguwa muka taru muka ƙara mata."

Na ɗauki kwanon a haka na tafi gidan Ranau. Ya ci loma ɗaya, ya ji bayani. Sannan ya buga cinyarsa.

"Aradu! Na tara gari guda da kiɗa da rawa mun kashe maka gona. Da ubanka na nan da ya bi ni da sanda."

"Alheri kuka yi, Baba."

"Alherin da aka yi wa mai zawo da man shanu."

Lokacin shukar dawa ya riga ya wuce. Marka ta shigo, ruwa ba dare ba rana, sama a rufe, tufafi ba sa bushewa. Hatsinmu ya ƙare. Wanda bai yi yunwar marka ba ba zai gane ba. Duniya duk kore ce, komai na girma, kai kuwa cikinka a manne da baya. Na shiga ƙodago a gonakin auduga na masu hali a Tsiga, in yi noma tun safe a ba ni tsaki a ƙulle. Tabawa tana bin gefen hanya tana tsinko tafasa da lalo da rama. Ta dafa, ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Akwai ranakun da dusa ce tuwonmu. Na fara jin jiri in na ɗago daga kunya. Wuyan Tabawa ya yi tsawo, zanenta ya fara zagaya ta fiye da da.

A cikin wannan hali Baffa ya zo. Da kansa, da lema ta kaba a ka, matarsa na biye da ƙwarya cike da dawa an rufe da faifai. Aka ajiye a tsakar gida. Ƙamshin hatsin kawai ya sa miyau ya cika mini baki.

"Mamman, taurin kai ba ya cika rumbu. Ga wannan ku ci. Gobe ka fito da garmarka, audugata ta yi ciyawa. Mu bar zancen damina biyu, ba wanda zai yi maka gori."

Gaskiya ƙafafuna sun so su bi shi. Sai na ji muryar Tabawa daga bakin ɗaki, a durƙushe take, kanta a ƙasa yadda ya kamata suruka ta yi.

"Baffa, mun gode Allah, mun gode maka. Amma mun riga mun ci abinci."

"Me kuka ci?"

"Abin da Allah ya hore."

Tukunyar tafasa na nan a kan murhu, kowa na ganinta. Baffa ya dube ni.

"Maganarta ce taka?"

"Ita ce, Baffa. Ka ce damina biyu. Ta farko ma ba ta ƙare ba."

Ya tashi ya karkaɗe riga. "Faƙo ya auri faƙo," ya ce. Matarsa ta ɗauki ƙwaryar, idonta da hawaye, suka fita. Muka zauna muka ci tafasarmu.

Ruwan markar nan da ya hana mu sakat shi muka sa aiki. Ranau ne ya ce, tunda kanwa tana narkewa a ruwa, a ba ruwan hanya ya tafi da ita. In na dawo daga ƙodago sai in ɗauki garma in shiga gona, ina haƙa magudana daga tsakiya zuwa kwazazzabo. Laka na kama garmar, kowane sara sai na kankare ta da hannu. Fatar ƙafata ta tsage, kanwar na shiga tana ci kamar barkono. Amma ranar da na fasa bakin ƙarshe, na ga baƙin ruwan nan ya kama hanya yana gangarawa, na zauna a cikin taɓo na yi ta kallonsa kamar mai rakiyar baƙon da ya gundure shi.

Da kaka kowa na ɗaurin dammuna, ni abin da na samu bai wuce in rungumo a hannu ba. Kuma duk daga wuri ɗaya ya fito, wani ɗan siririn layi a iyakata da Ranau. Na rasa dalili. Shi ya zo ya tona wurin da ƙafa.

"Nan tsohuwar dangata ta faɗi shekarun baya, na yi ƙyuya ban kwashe ba. Duba."

Ƙasar wurin duk huji ce, ƙanana-ƙanana, kamar rariya. Gara ce ta zo cin karan, ta yi ta haƙa hanyoyinta daga ƙasa zuwa sama. Na zuba ruwan buta, ya shige nan take.

"Ka ga ma'aikatan da ba sa neman kunu," in ji Ranau. "Mu muka ƙone musu abinci ranar gayya."

Ranin da ya biyo baya shi ne aikin da ban taɓa yin irinsa ba, ko a Sudan inda na yi noma a ƙarƙashin wasu. Da ƙasa ta bushe farin garin ya sake fitowa, muka bi shi da fartanya da tsintsiya, muna kankarewa, muna tarawa a ƙwarya, muna kaiwa can gefe kusa da burtali. Tudu guda ya tashi. Ba mu yi haka da wata dabara ba, so muke kawai ya bar mana gona. Sai ga shanun wani Bafulatani mai suna Buba sun biyo burtali, suka tsaya a tudun suna lasa, ya yi ta kora sun ƙi tafiya.

A al'ada, in kana son Fulani su kafa mashekari a gonarka shanu su zuba maka taki, hatsi kake ba su. Ni ba ni da ko zangarniya. Na je na same shi.

"Buba, shanunka sun ci mini kaya."

"Wane kaya, Kaɗo? Ƙasa ce."

"Ƙasar da kake zuwa kasuwar Dayi ka saya musu da sunan kanwa. Ka kwana a gonata har bazara, su lasa iya son ransu."

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. "Tunda nake ban taɓa ganin manomin da ya biya ni da ciwon gonarsa ba." Amma ya kafa turakunsa. Kofato ya farfasa ɓawon, kashi da fitsari suka zuba. Duk 'yan kwanaki mu matsar da turakun gaba.

Saura karan da za mu shimfiɗa wa gara a gonar. Nan ne wuyar take, domin a ƙasarmu kara ba shara ba ne. Shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne gadon kwana, ganyensa abincin dabba. Ranau ya ba ni abin da zai iya. Na roƙi ƙaiƙayi a masussuka, na kwaso ɓawon gyaɗa. Duk da haka rabin inda shanu suka kwana bai rufu ba. Wata rana na dawo gida na tarar da Tabawa tana tuge dangar gidanmu.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Kara nake nema maka."

"Gidan matar aure ba danga? Duk mai wucewa ya ga tukunyarki?"

"Me ke cikin tukunyar da za a gani, Malam? Ai sun riga sun sani." Ta ɗaure wani dami ta miƙo mini. "Gara in zauna a fili a gidana da in zauna a rufe ina jiran a auna mini."

Muka kwashe dangar kaf, sai ɗan abin da ya kare makewayi. Magana ta cika unguwa. A bakin masallaci aka ce ɗan Audu ya zautu, yana ciyar da gara matarsa na kwana a sarari. Wani ya tambaye ni ko zan yi wa garar suna in ta haihu. Na ce masa in ta haihu shi zan kira ya yi wanzanci. Baffa kuwa in ya zo wucewa ta ƙofarmu sai ya juya fuska gabas, kamar yana duban hadari. Tabawa tana zaune tana kaɗi a tsakar gida, ciki ya fara fitowa, duk wanda ya kalle ta sai ta gaishe shi da suna har shi ya ji kunya.

Garar ta zo. Da safe in na ɗaga kara sai in ga ta lulluɓe shi da jar ƙasa, in na kasa kunne ina jin motsinta, sif-sif-sif. Ban taɓa zaton zan yi murna da wannan ƙara ba, ni da na tashi ina jin ana tsine mata saboda rumbu.

Da hadari ya fara haɗuwa na sallami Buba, don kofaton da ya gyara busasshiyar ƙasa shi zai daɓe jiƙaƙƙiya. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, ni na zauna. Wannan zama ya fi haƙar magudana wuya. Irin wannan ƙasa ba a shigarta tana jiƙe sharkaf, ba a shigarta ta bushe. Akwai ɗan tsakani, in ka dunƙula ta a hannu ta haɗu, ka matsa ta wargaje. Na bar ruwan farko ya wanke ta ya bi magudana. Mutane na wucewa suna cewa, "Mamman, an fasa ne?" Ina cewa, "Ana nan." Sai da ta kai yadda nake so na yi huɗa, kunyoyi masu tsayi. Kuma na lura tun bara cewa farin garin a saman kunya yake taruwa, don haka a kafaɗarta muka shuka, ba a kai ba. Dawa kaura muka sa, irin da Ranau ya ba mu. Gyaɗa da wake ko kusa, ba sa jure wannan ƙasa.

Bayan shuka aka yi ruwa mai ƙarfi, rana ta biyo, ɓawo ya fara kamawa a wuraren da kara bai rufe ba. Muka bi rami-rami da tsinke muna fasa wa tsiro ƙofa, ni a tsugune, Tabawa da tsohon ciki tana jan gwiwa. Na ce ta koma gida. Ta ce in ta koma wa zai nuna mini inda na tsallake.

Dawar ta fito. Ba ta yi kyan gani ba, kada in yi ƙarya. Gona ce kamar kan mai ƙuraje, nan dawa ta fi ni tsawo inda shanu suka daɗe, can ta tsaya a gwiwa, can kuma fari fat ba ko ɗaya. Markar shekarar ma mun sha tafasa. Amma yunwar mai kallon dawarsa tana ɗaukar ciki daban take da yunwar wanda ba ya jiran komai. Tabawa ta haihu dawa na bununi, namiji, aka sa masa Audu.

Da muka girbe, hatsin bai cika rumbu ba, ya dai kai mini ƙugu in na shiga. Shekaru da yawa bayan haka, a Masar, na ga ana barbaɗa wa irin wannan ƙasa wani farin dutse da aka niƙa, jibs suke ce masa, a sako mata ruwan kogi, ta yi laushi cikin ɗan lokaci. Na tsaya ina kallo, na tuna dangar gidanmu. Na yi wa mai gonar bayani da Larabcina yadda muka yi tamu da gara da kashin shanu, ya ɗauka labarin ban dariya nake ba shi.

Ranar da aka fara sussuka, Tabawa ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ta zuba malmala uku a akushi ta rufe da faifai. Na ɗauka da kaina na tafi gidan gandu bayan magariba. Baffa na zaune a zaure, mai unguwa na gefensa, don na aika masa tun da rana. Na durƙusa na ajiye.

"Baffa, ga tuwon gonar."

Ya buɗe. Tuwon kaura ne, ja-ja, tururi na tashi. Ya daɗe yana kallo. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya kai baki, yana taunawa a hankali kamar mai neman tsakuwa. Mai unguwa ya miƙo hannu, Baffa ya janye akushin gabansa.

"Miyar ta yi kanwa," in ji shi.

"Ta yi, Baffa."

Ya ƙara loma. Ya ƙara wata. Bai ɗago ba sai da ya share akushin da yatsa. Sannan ya tura mini shi da ƙafa, ya juya wajen mai unguwa.

"Ka shaida, gonarsa ce." Ya yi gyaran murya. "Kai kuma maigida, gobe ka zo ka kwashi kara a bayan rumbuna. Ka je ka rufe wa 'yar mutane gida, ka ishe mu da abin kunya."

Na kwaso karan. Rabi na yi danga, rabi na kai wa gara.

Gonar na nan, jikokin ɗana Audu ke nomanta. Har yau in aka yi sakaci shekara biyu farin garin yakan leƙo ta gefen aduwa, ya duba ko mun mutu. Tabawa ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta, Ranau da Baffa kuwa tun tuni.

Duk wannan ban faɗa wa mai tokar gidan burodi ba, ɗan acaɓa na ta danna ham, hadari kuma ya taso. Na dai tambaye shi ko yana da mata. Ya ce yana da ita.

"To in ruwan nan ya sauka ya kwanta a wurin, ka ɗebo mata a tulu ta dafa maka wake. In ya nuna da wuri, ka zo Tsiga ka tambayi gidan Alhaji Mamman mai faƙo. Ka taho da shebur, da mu za a kwashe tokar nan."